Taswirar Cikin Adaka

"Fiddausiya! Shara kike ko barci?"

"Inna, zo ki ga ta'adin gara!"

Hamsatu ta leƙa ɗakin mai gidanta, Malam Haruna, ta tarar da ɗiyarta durƙushe gaban tsohuwar adaka. Gara ta huda gindin adakar, har ta fara cin wata babbar takarda da ke naɗe a ciki. Taswirar ƙasar Keita ce, wadda mahaifin Malam ya samo tun yana aikin raya fako tare da mutanen furoje, wato ma'aikatan shirin raya karkara. Tun rasuwarsa babu wanda ya warware ta.

"Kakkaɓe ki maida mishi abinai," in ji Hamsatu, ta koma madafa.

Fiddausiya ba ta mayar ba. 'Yan matan yanzu, da zarar so ya shiga, kunne ya toshe. Ta naɗe ta a cikin zane, ta jira ranar kasuwar Ibohamane, ranar da saurayinta Shamsuddin ke zuwa daga Madawa.

Shamsuddin mai buga zane ne a jikin riguna. Yakan ɗaure ƙyalle mai ƙananan huji a kan katako kamar rariya, ya zuba fenti, ya ja da roba, sai zanen ya fito a jikin rigar da ke ƙasa. Rigunan 'yan lakwal, wato makaranta, da na 'yan ƙwallo ke ciyar da shi, amma ransa na wajen tsofaffin abubuwa: buhun siminti, kwalin shayi, takardun da aka yar. Shi ya sa Malam Haruna ke ce masa mai tsintar bola, ko da yake ya yarje masa ya zo gaisuwa.

Da Shamsuddin ya warware taswirar sai ya riƙe baki. "Kai! Ga tuddai, ga ƙoramu, ga garinku! Baba ya san kin ɗauko?"

"Ai ya bar ma gara," in ji ta, tana kallon gefe.

"To, ki bar ni da ita. Sai na sa shi murmushi."

Ranar gaisuwa ya zo da kawunsa Adamu, da goro, da wani abu lulluɓe da farin yadi. Bayan an gaisa ya durƙusa ya yaye yadin. Ga taswirar a cikin gilashi, an buga mata jerin mata da jan fenti, kowace da dutse a ka, suna hawan tudu. Inda gara ta ci ya liƙe da takardar buhu, ya buga itacen gawo a kai.

Malam Haruna ya miƙe tsaye. "Takardar ubana! Wa ya ba ka? Wa ya ce ka shahwa mata jan ƙasa?"

Shamsuddin ya gane abin da ya faru. Ya sunkuyar da kai, bai ambaci kowa ba. "Baba, a yi mini aikin gafara. Ya kamata in zo in tambaye ka da bakina."

"To wanke ta! Ka maido min ita yadda take, in ba haka ba babu kai babu ɗiyata!"

Kawu Adamu ya zungure shi, yana raɗa, "Ce za ka gwada mana!"

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Fentin nan in ya bushe ba ya fita."

"To kai ma fita!"

Fiddausiya ta faɗo daga bayan zana tana kuka. "Baba, ni ce na ɗauka! Shi bai sani ba!" Amma Malam ya riga ya jingine taswirar, fuskarta na kallon bango, ya saka takalmi ya bar gidan.

Makonni suka wuce. Shamsuddin bai kira ta a ɓoye ba, bai aiko kowa ba. Duk ranar kasuwa yakan tsaya ƙofar gida ya gaida Malam, Malam ya amsa da ka, shi kuma ya hau babur ɗinsa ya tafi. Fiddausiya ta rame, tuwo ma sai Inna ta tsaya a kanta.

Ana nan sai Tabawa, mahaifiyar Malam, ta dawo daga Sabon Gida inda ta je zaman jegon jikarta. Tana shiga ta ga abu jingine.

"Mi ne ne wanga da aka juya ma baya kamar mai laihi?"

Hamsatu ta juyo mata shi. Tsohuwa ta matso, ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da dariya har da tafi.

"Wallahi mu ne! Haka muka yi jigilar duwatsu a tuddan nan, ni da su Murja, muna tare ruwa, rana na dukanmu! Wa ya tuna da mu?" Da aka ba ta labari ta sa aka kira ɗanta. "Haruna, rabonka da buɗe takardar ga tun yaushe?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba:

"Ka ba gara amana ta ci, ba ka kore ta ba. Yaro ya liƙe, ya sa uwarka a kai, shi ka kora? Ka ce ya wanke, ya ce ba ta wankuwa. Da maƙaryaci ne da ya ce to, ya yi ta ja maka rai. A kira min angona!"

Sannan ta juya ga Fiddausiya, wadda ta fara murmushi. "Ke kuma rufe haƙoranki! Mai ɗaukar kayan ubanta ba izini! Daka da ɗiban ruwan gidan nan naki ne har ranar ɗaurin aure."

"Na yarda, Kaka! Har da wanki!"

Malam Haruna ya yi gyaran murya. "To, Inna. Amma ki gaya mishi kar ya taɓa buhunan hatsina."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Taswirar tana rataye a zauren Malam, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa da sanda: nan ne garinmu, waɗannan kuma iyayenmu ne.

'Yan mata, ku ji da kyau: abin da ba naki ba, ko gara na ci, ki tambaya kafin ki ɗauka. Samari kuma ku dubi Shamsuddin. Bai tona asirin wadda yake so ba, bai yi wa babba ƙarya ba, bai bi ta bayan gida ba. Ta ƙofar da aka kore shi, ta nan aka kira shi ya shigo.