Bangon Deolinda

Ƙarfe tara na safe aka kai ƙara: an shafe zanen wata mata mai tallar kifi da ke bangon wani gida a tsohuwar unguwar Lisbon. Zanen yana cikin rajistar kayan tarihi, taɓa shi laifi ne. Sufeto Meireles ya tarar da bangon fari fat, 'yan yawon buɗe ido sun yi cirko-cirko.

Jagorarsu, Filipa, sai kumfar baki take.

"Yallaɓai, Telmo ne! Shi ya zana, aka hana shi sa sunansa, ya huce a kan bango. Yanzu me zan nuna wa mutanen nan? Shanyar maƙwabta?"

Sufeto ya lakaci bangon, ya shinshina. Ba fenti ba ne, farar ƙasa ce.

Ya sami Telmo kan tsani a wani lungu.

"Ni da farar ƙasa? Kakata ce ni?" in ji Telmo. "Gwangwanin feshi na sani."

"Wa ka zana?"

"Wata tsohuwa. A hoto na gan ta."

"Ka tambayi danginta?"

"Ta mutu fa, Yallaɓai."

Sufeto ya koma wajen bangon, ya tsuguna. A gindin bangon an ja shuɗin layi, miƙaƙƙe sak. Ɗan birni ba ya haka. Mutanen ƙauyukan kudu ne ba sa iya barin farin bango babu shi.

Ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan. Wani tsoho mai suna Anselmo ya buɗe.

"Ban ga kowa ba, ɗana. Idona ya mutu."

"Baba, daga ina ka zo birnin nan?"

"Alentejo, can kudu."

"Mu ga hannunka."

Farar ƙasa ta cinye fatar yatsun. Tsohon bai ƙara musu ba.

"Matata ce, Deolinda. Shekara arba'in tana ɗaukar kwandon kifi har wuyanta ya karkace. Ko hoton aurenmu da ƙyar ta tsaya. Yau kowane ɗan iska sai ya tsaya gabanta ya toshe hanci, a ɗauke shi, su bushe da dariya. Ta taga nake kallo."

"To, layin fa? Shi ya tona ka."

"In bar mata bango tsirara?"

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Suna gangarawa wajen mota shi da tsohon, Filipa ta ɗaga lemarta, ta ce wa baƙinta, "Ga wanda ya shafe zanen nan!"

Gaba ɗaya suka zaro wayoyi, suka hau ɗaukar Anselmo hoto.