Ruwan Bakin Makar

Sufeto Tirtha Awale bai kai ga kurɓar shayinsa na safe ba, Saje Khadka ya faɗo ofis yana haki. Ya ƙame, ya ce an sace Makar na hitin Unguwar Magina, amma kada Yallaɓai ya damu, ɓarawon yana bayan kanta. Saje mutum ne mai son a ce ya gama aiki tun kafin a sa shi. Sufeto ya tambayi sunan wanda aka kama. Da ya ji Baba Sanukaji ne, sai ya ajiye kofin, ya ɗauki hularsa.

A wannan unguwa ta tsohon birnin Patan aka yanke wa Tirtha cibiya. A hitin nan, ramin ɗiban ruwa mai matakalar dutse, uwarsa ta riƙa dirje masa baya yana ihu. Can ƙasa a jikin bango Makar yake: baki na kada, hanci naɗe sama irin hannun giwa, ƙaho na rago, an lulluɓe shi da tagulla mai ruwan zinare, ruwa na zuba ta bakinsa tun zamanin kakannin kakanni. Shi ne abin hawan uwar kogi Ganga, don haka ruwan bakinsa ruwanta ne.

Shekarar da mahaifiyar Tirtha ta kwanta ciwon ajali, rani ya yi tsanani har ruwan ya koma ɗiga ɗaya-ɗaya. Ta ce ita ba ta son na kwalba, na bakin Makar take so ta tafi da shi. Baba Sanukaji, mai sharar hitin, shi ya tsuguna tun hantsi har rana ta yi sanyi, yana tarar ɗigo a ɗan kofin tagulla. Ta sha, ta lumshe ido, ta cika. Tirtha bai taɓa samun bakin yi masa godiya yadda ya kamata ba, kuma abin yana nan a ransa. Ga shi yau an rufe tsohon, bisa laifin da in ya tabbata a gidan yari zai ƙare kwanansa.

Tun bara hitin ya ƙafe ƙaf. Sufeto ya sauka matakalar, ya duƙa gaban dutsen da aka zare Makar daga kansa. Ba a fasa komai ba. An ciro ƙusoshin a hankali, an jera su gefe, an naɗe dutsen da sabon jan ƙyalle. A ƙasa kuma ga ɗan kasko da ɗanyar shinkafa da ƙwallon goro a kai, abin da ake ajiyewa in ana roƙon abin bauta gafara.

"Ka gani ko, Yallaɓai? Wa zai yi wannan in ba tsohon ba?" in ji Saje.

"Duk wanda aka haifa a unguwar nan zai yi. Ɓarawon da zai kai kaya kasuwar turawa ba ya tsayawa ba da haƙuri."

Wanda ya kai ƙara yana tsaye a bakin ramin, hannu a baya. Rajman Amatya ke nan, mai dogon benen saukar baƙi da ya tokare sama da hitin, mutum mai tumbi da taushin murya. Ya ce da idonsa ya ga tsohon da sassafe da buhu a kafaɗa, yana tafiya yana waiwaye. Ya ce shi kam abin ya yi masa ciwo, ga bikin Sithi ya matso, ranar da ake yashe rijiyoyi da magudanai, amma da wane ido za a yi yasa alhali mai wurin ba ya nan? A ganinsa a haƙura da aikin bana. Sufeto ya gyaɗa kai kawai, ya yi masa godiya.

Baba Sanukaji yana zaune a ƙasan ɗakin tsarewa, ya miƙe ƙafafu, ya ƙi taɓa abincin da aka ba shi. Da ya ga Sufeto sai ya washe bakin da ba haƙora, ya ce ashe ɗan Magina ya yi girman da har yana rufe iyayensa. Sufeto ya cire hula ya tsuguna, ya tambaye shi abin da ke cikin buhun. Tsohon ya ce kabeji ne.

"Baba, kabejin da ake haƙowa da farce? Dubi hannunka."

Yumɓu ne baƙi ƙirin a ƙarƙashin faratansa. Tsohon ya harari Saje, sannan ya amsa cewa diga ce da shebur. Ba shi da izinin hukuma, shi ya sa ya ɓoye. Ya daɗe yana bin tsohuwar magudanar da ke kawo wa Makar ruwa, yana ɗaga dutse yana kara kunne. Ko'ina akwai motsin ruwa har zuwa gindin katangar Rajman, daga nan ɗif. Ya faɗa wa dattawan unguwa cewa ranar Sithi, da kowa ya fito da shebur, nan za a fara tonawa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Saje ya ce wannan ai zancen tsofaffi ne, kotu ba ta karɓar kara kunne. Sufeto ya ce gaskiya ne, kuma benen mutum ba a shiga a hau tono don tsoho ya ji motsi.

Washegari da hantsi ya koma hitin cikin kayan gida, ya zauna kan benci wurin Betimaya mai sayar da furanni, wadda bakinta ba ya gajiya. Mata na ta sauka da farantansu na tagulla kamar kullum. Makar ba ya nan, amma suna shafa wa jan ƙyallen jan gari, suna zuba fure, wasu na share hawaye. Mutumin Patan in ya saba gaida abin bauta da safe, ko gurbinsa ne sai ya gaida. Sufeto ya tambayi Betimaya ko akwai wadda ta daina zuwa.

Ta ce babu, sai Inna Cirimai, uwar Rajman, wadda tun tana amarya ba ta taɓa fashi ba, ko ranar da ƙasa ta girgiza sai da ta sauka. Ɗanta ya ce gwiwa ce ta kwantar da ita.

"Gwiwar da ke aiko 'yar aiki ta sayi fure ninki biyu," Betimaya ta ce tana taɓe baki. "Har da madara. Ni dai ban taɓa jin an sha fure don ciwon gwiwa ba."

Madara kuwa macizan ruwa ake zuba wa, masu tsaron magudanai, in an ɓata musu. Sufeto ya sayi fure ƙulli guda don bakinta, ya kira Saje a waya.

A benensa, Rajman ya tarbi Sufeto da Saje da fara'a a ɗakin karɓar baƙi, ya sa a kawo shayi. Ya ce tsohuwa tana sama a kwance, ko juyi ba ta iya yi. Sufeto ya tambayi ƙarar da yake ji ƙarƙashin ƙafarsa. Rajman ya ce injin wanki ne. Saje, wanda ya taɓa zama gidan haya mai rijiya, ya ce shi dai kamar injin jan ruwa yake ji. Gumi ya tsattsafo wa Rajman a goshi, ya hau bayani kan damina da laimar ƙasa.

Yana cikin bayanin ƙofar da ke bayan teburin karɓar baƙi ta buɗe. Wata 'yar tsohuwa ta hauro daga matakalar ƙasa da ƙafarta garau, gefen zanenta sharkaf, yatsunta ja da gari, farantinta ba komai sai ɗan kofin tagulla. Ta ga kakin Saje, ta dubi ɗanta, sannan ta tsaya kan Sufeto. Ta gane shi.

Sufeto ya miƙe, ya haɗa tafukansa. "Inna, ina gwiwa?"

"Gwiwata ƙalau, ɗan nan. Zuciyata ce ba lafiya."

"Wa kika je gaidawa a ƙasa?"

Rajman ya ce, "Inna, ki hau sama." Ba ta ko kalle shi ba. Ta ce tun da aka kawo Makar gidan nan abinci bai zauna mata ba, ga wani bawan unguwa a rufe a kan abin da bai yi ba. Ta ce ita ta haifi Rajman, amma Makar ya shayar da su duka. Ta juya ta ce su biyo ta.

Ɗakin ƙasan ruwa ne har ƙwauri, injin na ta fama. A bangon gabas ga tsohuwar magudana a fashe, inda masu haƙa harsashi suka sare ta. An jera bulo daidai bakin fashewar, an ɗora Makar a kai, ruwa na shiga ta ƙeyarsa yana zuba ta bakinsa garai-garai. Furanni sun rufe masa ƙaho. Sufeto ya daɗe bai ji wannan ƙarar zubar ba.

Rajman ya zauna kan matakala, ya fashe da kuka. Ya ce da magudanar ta fashe ya ji tsoron a rushe masa bene, sai ya rufe bakin magina, yana zuƙe ruwan yana turawa kwata. Da ya ji za a yi tono ranar Sithi, sai ya ga in babu Makar kuma babu Sanukaji, ba mai ɗaga shebur. Shi ya zare Makar, da niyyar cusa shi a buhu ya ɓoye bayan tankin sama. Ya kai tsakiyar bene da shi sai ya tsaya cak. Yaya za a yi ya shanya mai ruwa a rana? Shi ya sauko da shi nan, shi kuma ya roƙi uwarsa ta riƙa gaishe shi, don kada fushin ya faɗa kan 'ya'yansa.

Saje ya ciro ankwa. Inna Cirimai ta kama hannun Sufeto ta ɗora a goshinta, ta ce ta gode, ya sauke mata dutse daga ƙirji, ko da ɗan nata za a tafi da shi. Sufeto ya roƙe ta aron kofin tagullar da ke farantinta. Ya tara shi a bakin Makar har ya cika, ya rufe da tafin hannu. A mota ma bai yarda kowa ya riƙe masa ba.

Da kansa ya buɗe ɗakin tsarewar. Ya tsuguna, ya miƙa kofin da hannu biyu.

"Baba, na daɗe ina neman ranar da zan kawo maka wannan. Na gode."

Tsohon ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, idonsa ya ciko. Ya ce namu ne. Ya ɗiga kaɗan a kansa, ya shanye sauran, sannan ya tambaya a ina aka sami Makar, kuma a wane hali. Sufeto ya ce a cikin ruwa, da fure a ka.

Suna fitowa aka shigo da Rajman, kai a sunkuye, Saje na riƙe da damtsensa. Baba Sanukaji ya tsaya a gabansa. Kowa a ofis na jiran zagi ko tofin yawu.

"Ka zalunce ni, Rajman, ka zalunci unguwa," tsohon ya ce. "Amma ba ka bar shi da ƙishi ba. Wannan kam na gode maka."

Rajman ya kasa ɗaga ido. Saje ya ja shi ciki, ƙofar ƙarfe ta rufe. Tsohon kuwa ya miƙa wa Sufeto kofin, ya ce a ba shi digarsa da shebur ɗinsa, Sithi ta kusa kuma akwai aiki.