Makulli Mai Jan Zare

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya kwana a lahira!"

Muryar Kububuwa ce, shugaban gungun 'yan fashin. Ta cika taragon kwana daga wannan baki zuwa wancan. Jirgi kuwa bai san abin da ake ciki ba, yana ta sheƙa gudunsa cikin duhu.

Allura na gaba, fuska a rufe. Aikinsa ɗaya ne: buɗe ƙofa. Ya zura makulli, ƙaras! Guduma, ƙaton da ke binsa, ya afka ciki da buhu. Agogo, waya, sarƙar wuya, komai ya shiga. Wani ɗan kasuwa ya faɗo daga gadon sama da ɗan gajeren wando, yana rantsuwa ba shi da ko sisi, alhali jaka na ɗaure a cikinsa. Wata tsohuwa ta cire 'yan kunnenta ta wurga wa Guduma a fuska.

"Ungo, ɗan banza! Allah ya isa!"

Makullin nan shi ne dukan harkar. Guntun ƙarfe ne mai baki kusurwa huɗu, kuma irinsa kaɗai ke buɗe kowace ƙofa a taragon. Da dare ma'aikacin tarago kan kulle ƙofofin fita da na tsakanin taragu, tagogi kuwa duk da sandunan ƙarfe. Allura ya san wannan tun yana ƙarami, don kawunsa ne ma'aikacin, kuma shi ya riƙe shi bayan rasuwar uwarsa. Makullin ajiya na Kawu ya sato daga gida, har da jan zaren da tsohon ya ɗaura masa.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya wa Kububuwa ranar da suka tsara aikin: sai daren da Kawu ke hutu. Kububuwa ya dafa ƙirji ya rantse. Kububuwa da Guduma suka sayi tikitin ɗaki, Allura ya rakuɓe a taragon zaune, sai da dare ya raba ya shigo ya kulle bayansa. Idan jirgi ya kai hawan dutse zai rage gudu, su buɗe ƙofa su dire. Direbansu na jira da mota a gindin hawan.

Suna ƙofar ƙarshe sai ƙofar ɗakin ajiyar barguna ta buɗe. Wani dattijo ya fito da kakin aiki, bargo a kafaɗa.

Allura ya ja da baya. Kawu ne!

Tsohon bai ko kalli bindigar Kububuwa ba. Hannun Allura ya zuba wa ido, inda jan zare ke reto.

"Na birkice gida kaf ina neman makullin nan," in ji shi a hankali. "Har matata na zarga. Ashe kai ne, ɗan ƙanwata."

"Kawu, me ya kawo ka? Ba yau kake hutu ba?"

"Matar abokin aikina ce ke naƙuda, na karɓe shi. Cire tsumman nan daga fuskarka, kana magana da ni."

Allura ya juya ga Kububuwa. "Oga, ka gan shi tun a tasha. Shi ya karɓi tikitinku!"

"Na gan shi. Sai me? In fasa aiki don wani tsoho?" Ya ɗaga bindiga. "Ka san doka. Wanda ya gane mu ba ya ganin safiya."

"Ka rantse mini!"

"To na karya. Matsa!"

Allura ya sunkuyar da kai. Wallahi a ransa ya ji kunya ta fi tsoro yawa. Amma muryarsa ta fito sumul.

"Kar ka harba, Oga. Akwai 'yan sanda a taragon gaba, za su ji. Bar ni da shi. Ni na jawo, ni zan gama."

Ya zare wuƙa. Ya shaƙi wuyan rigar Kawu, ya hankaɗa shi cikin ɗakin barguna. Maimakon ya bi shi, sai ya janyo ƙofar ƙarfen, garam! Ya murza makulli. Kafin Guduma ya motsa, ya zura hannu tsakanin sandunan taga ya saki.

Makulli ya tafi, da jan zarensa, cikin daji.

Ya cire abin rufe fuskarsa ya yar. "To, Oga. A buɗe ƙofa a dire mu gani."

"Shege! Ka kashe mu!" Guduma ya ruga ƙofar fita. Ya sa kafaɗa, ya sa ƙafa. Ko gezau.

A ciki, Kawu ya lalubo wayar bango ya kira taragon gaba. Sufeton da ke rakiyar jirgin ya zabura daga gyangyaɗi.

"Fashi a taragon kwana? Su nawa? To, kar ka kuskura ka buɗe!" Ya juya ga yaransa. "Ku gaya wa direban jirgi kar ya tsaya ko sama za ta faɗo. A kira tashar gaba, a kewaye ta!"

Jirgi ya fara hawan dutse. Ya rage gudu, ya rage, har mai tafiya da ƙafa zai iya cim masa. Ta taga suna hango fitilar motarsu tana kyaftawa. Ga hanya, ga mota, babu ƙofa!

Sai Kububuwa ya tuna. "Tsohon yana da nasa makullin!"

Ya kai wa Allura duka da gindin bindiga, ya durƙusar da shi gaban ƙofar ƙarfen, ya ɗora masa bakinta a ƙeya.

"Tsoho! Ɗanka na hannuna. Buɗe ka miƙo makulli, ko in tarwatsa kansa!"

Sai ƙarar ƙarfe a jikin ƙofa, alamar Kawu ya zura nasa daga ciki.

"Kawu, kar ka buɗe!" Allura ya kwarma ihu, jini na bin bakinsa. "Kana buɗewa zai harbe mu duka biyu! Na san shi!"

"Yaro, in bar ka ya kashe ka ina ji? Me zan ce wa uwarka a lahira?"

"Ka ce mata sau ɗaya na yi abin kirki! Ban taɓa jin maganarka ba, Kawu, amma yau kai ka ji tawa. Cire hannunka!"

"Rufe mini baki!" Kububuwa ya daka tsawa.

"Ba zan rufe ba! Harba mana, matsoraci! Ko ka harba, nan za ka kwana!"

Jirgi ya kai ƙarshen hawa. Ya fara ƙara wuta. Fitilar motar ta koma baya, ta yi ƙanƙanta, sai ta juya ta ɓace. Direban motar ya ga babu alheri, ya fece abinsa.

Makullin Kawu bai juya ba.

Tau!

Fasinjoji suka sa salati. Allura ya kife a lungun tarago, hannu dafe da gefen wuya. Kububuwa ya haukace, ya dinga ɗirka wa ƙofar ƙarfen harsashi har bindiga ta yi ƙas, babu komai. Nan Guduma ya duba taga ya hango fitilun tasha, da kakin 'yan sanda jere a bakin dandamali. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗaga buhun kayan sata ya maka wa ogansa a ka, ya haye ruwan cikinsa.

"Ni na kama shi!" yake ta ihu. "Jama'a ku shaida, ni na kama shi!"

"Mun shaida kai ka karɓe mini 'yan kunne," in ji tsohuwar.

Sai da jirgi ya tsaya cak Kawu ya buɗe. Ya buɗe wa Sufeto ƙofar fita, sannan ya zube gaban Allura ya tallafi kansa.

"Kawu... ka buɗe masa?"

"Ban buɗe ba."

"Yauwa." Ya ɗan murmusa. Daga nan rai ya yi halinsa.

Gari ya fara wayewa aka fito da Kububuwa da ankwa, Guduma na bayansa yana ta roƙon a tuna taimakonsa. Kowane fasinja ya karɓi kayansa. Kawu ne kaɗai bai sami nasa ba. Ya koma ɗakin barguna ya zaɓo farin zanen gado, sabo dal, wanda ba a taɓa shimfiɗa wa kowa ba. Ya lulluɓe ɗan ƙanwarsa, ya soke gefunan tsaf, yadda yake yi wa gadon fasinja.

Sufeto ya tsaya a kansa. "Baba, shi wannan fa? Ɗan fashi ne ko ɗanka?"

Kawu ya miƙe, hawaye na bin gemunsa, ya dube shi ido cikin ido.

"Ɗan fashi ne. Kuma ɗana ne. Wanda duk zai ba da labarinsa, ya faɗi duka biyun, ko ya yi shiru."