Gangar da Ta Wargaje da Bugu Ɗaya

Ranar Litinin ce, ƙarshen Fabrairu. Ƙanƙara ta fara narkewa, iska mai sanyi na kaɗowa daga teku. Ranar bikin Fastelavn ce, ranar da yara ke dukan ganga.

Shekara talatin ke nan ni nake haɗa wa makarantar ƙauyenmu gangar katako, irin ta zuba kaya, ba ta kiɗa ba. In cika ta da alewa, in rataye ta da igiya. Yara su yi layi, gajere a gaba, dogo a baya. Kowa bugu ɗaya da kulki, a yi ta zagayowa. Wanda ya kaɓo katako na ƙarshe shi ne Sarkin Kyanwa, a ɗora masa kambin takarda.

Jikana ya fi kowa tsawo a ajinsu. Bai taɓa cin kambin ba.

"Kaka, bana nawa ne," in ji shi, yana gyara rigar zaki da uwarsa ta ɗinka masa.

"Zaki mai majina," na ce. "Share hancinka tukuna."

Ashe da sassafe ya shiga rumfata da zarto. Ya yayyanka katakan ta ciki, ya sassauta zoben ƙarfe. A tunaninsa ƙanana ba su da ƙarfi, gangar za ta jira shi.

Ta farko a layi Asta ce, 'yar shekara shida, cikin shigar ƙudan zuma. Da ƙyar ta ɗaga kulkin. Ta ɗan taɓa gangar.

Gangar ta wargaje gaba ɗaya. Igiya kawai ta rage tana lilo.

Asta ta dubi hannunta. "Ni ce na yi wannan?"

Sauran yara na tsaye, ko bugu ɗaya ba su samu ba. Wani mai shigar ɗan sanda ya fashe da kuka.

Malama Birthe ta matso kusa da ni. "Baba Ejnar, ka yi mana ƙoƙari shekara da shekaru. Baɗi sai mu sayo ta kanti, ka huta."

Na riga na ga sawun zarto a jikin katako.

Zaki ya fito daga ƙarshen layi, yana jan wutsiya a laka.

"Malama, ba laifin Kaka ba ne. Ni na yanka ta. Kambin nake so."

"To, ga shi can a kan ƙudan zuma," in ji Malama.

Yara suka yi ta dariya, har ɗan sandan.

"Gobe ƙarfe goma za a sake," ta ce. "Kai za ka kawo ganga, kuma ba ka cikin layi. Baba Ejnar, na janye maganata."

A hanyar gida jikana ya ɗago kai ya dube ni.

"Kaka, ka yi fushi?"

"Yankanka a karkace yake. Shi ya fi ba ni haushi."

Muka ƙara tafiya kaɗan, sannan na ce, "Wasa na kowa ne. Wanda ya yi coge don ya ci shi kaɗai, ya ɓata wa kowa, har da kansa. Amma ka faɗi gaskiya, ka kyauta."

Washegari tun kafin in sha kofi yana bakin rumfa. Muka haɗa sabuwa, mai ƙwari. Shi ya tura ta a baro har makaranta, shi ya riƙe igiya. Sau biyar layi ya zagayo, shi kuwa yana ƙirga kowane bugu da ƙarfi yana dariya.