Saƙon da Ya Maƙale

Ranar da ta fara shiga ɗakin injuna, sanyi ne ya tarbe ta kafin mutum. Kwamfutoci ne jere cikin dogayen akwatunan ƙarfe, fankokinsu na ta gurnani, ƙananan fitilu kore na ƙyaftawa. Ta yi sallama, ta sake yi, sannan wani injiniya ya leƙo daga bayan akwati da kebul, wayar haɗa injuna, rataye a wuyansa kamar tela da tef ɗin awo.

Ɗalibar digiri na biyu ce, aikinta hasashen ambaliya. Ta rubuta manhajar da za ta raba taswirar kwarin kogi tsakanin injuna da yawa, kowanne ya lissafa yankinsa, sannan ya miƙa wa maƙwabcinsa sakamakon bakin iyaka. A kwamfutarta komai lafiya lau. Da ta ɗora a injunan sashensu sai ɗaya kawai ya kama aiki, sauran suka yi mata kunnen uwar shegu.

Injiniyan ya saurare ta har ƙarshe bai katse ta ba. Ya ɗan danna nan da can, ya gano katangar tsaro ce ta rufe ƙofar da injunan ke kiran juna ta cikinta. Ya buɗe, fitilu suka hau rawa gaba ɗaya.

"Ba ƙin ki suka yi ba," ya ce yana murmushi, "ba a buɗe musu ƙofa ba ne."

Ta sunkuyar da kai, ta yi godiyar da ta fi aikin yawa.

Daga nan matsaloli suka yi ta zuwa. Yau wani inji na ɗauke da tsohon zubin manhaja alhali saura na da sabo, gobe agogon wani ya yi baya ya rikita 'yan'uwansa, jibi wani ya ce sam bai ga jakar da bayanan suke ciki ba. Ya sa mata suna Damina, wai duk ranar da ta shigo sai an yi ruwan matsala. Ita kuma ta ƙi ce masa Injiniya kamar kowa, ta ce Mai Kebul. Gaskiyar magana, wasu matsalolin tana iya gyara su da kanta, amma wa ya tambaye ta?

Da safe saƙonsa ke tashinta: "Damina, ina kwana? Injunanki sun tashi lafiya, ɗaya ne ya yi tari, na ba shi magani. Ki karya kafin ki fito."

Ta mayar masa: "Mai Kebul, ka sa rigar sanyi. In mura ta kama ka a ɗakin nan, wa zan kai wa kukana?"

Irin waɗannan ƙananan saƙonni ba su taɓa maƙalewa ba. Tana son sa, ta san tana son sa, kuma labarin zuciya a tambayi fuska, tasa fuskar ba ta iya ɓoyo ba. Sai dai Allah ya yi shi da nauyin baki, babbar maganar ta ƙi fitowa.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ita, ya kawo mata sakamakon gwaji har gida. Baba ne ya tarbe shi a ƙofar shagonsa da ke jikin gidan. Baba kafinta ne, mutumin da bai yarda da aikin da ba a iya shafa shi da hannu ba. Ya tambaye shi me yake ƙerawa, Injiniya ya ce shi ba ya ƙera komai, aikinsa ya tabbatar injuna suna magana da juna. Baba ya hure garin katako daga kan teburinsa, ya tambaye shi in an ɗauke wuta me ya rage na sana'ar tasa. Kafin ya haɗa amsa sai Baba ya kafe shi da ido.

"To, samari, bayan wannan, me ke tafe da kai gidana?"

Tana tsaye bayan labule, jiri na ɗibarta, ta riƙe numfashi.

"Saƙo kawai na kawo, Baba," ya ce.

Ta koma gado ta ja bargo har ka. Zazzaɓin ma ya zama ƙaramin ciwo.

Da yamma Baba ya yanke hukuncinsa a gaban Mama. Ya ce mutumin da aka buɗe wa ƙofa ya kasa faɗin abin da ya kawo shi ba zai iya riƙe gida ba, kada a ƙara kawo masa zancensa. Ga ɗan amininsa, mai kantin magani, yaro mai hankali da ya fito fili ya faɗi buƙatarsa tun tuni. Ba zai yi mata dole ba, amma mutanen suna jiran amsa, kuma ya yi musu alkawarin ba su amsar da zarar ta kare kundinta a gaban malamai.

"In kina da wani, ya zo ya yi magana da bakinsa," in ji Baba. "Ni ban iya karanta zuciyar mutum ba, katako na iya karantawa."

Ta yaya za ta kira sunan wanda bai ce komai ba? Ta rasa tudun dafawa. Mai kantin magani bai yi mata laifin komai ba, har bakin sashensu yake zuwa ɗaukarta in Baba ya roƙe shi. Ranar da ta shiga motarsa ta hango Mai Kebul ta taga, ya tsaya cak da kofin shayi a hannu. Washegari saƙonsa ya zo babu Damina a ciki: "Ina kwana. Injuna suna lafiya." Ta amsa da "Na gode." Haka suka koma gaisuwar maƙwabtan da ba su saba ba.

Ana cikin haka Farfesan da ke duba aikinta ya ce gwajin ƙaramar taswira ya isa, yana son na kwarin gaba ɗaya kafin ya sa hannu. Ta ɗora manyan bayanan, ta tayar da aikin. Injuna suka ɗauka da ƙarfi, sai kuma shiru. Ba su mutu ba, ba su yi gaba ba. Fitilu kore, fankoki na ihu, allo kuwa ko kalma ɗaya ta kuskure bai nuna ba. Da ma zagi ya rubuto mata, da ta san inda za ta kama.

Ta kashe ta kunna. Ta rage injuna, ta ƙara. Ta goge manhajar ta sake girkawa. In ta mayar da ƙaramar taswira sai aiki ya tafi sumul kamar yana mata dariya, in ta sa babba ya sandare a wuri ɗaya. Ta karanta rubutun manhajarta har layukan suka fara yi mata gizo. Daga ɗakin ɗalibai take yin komai, don kada ta taka ɗakin sanyi. Ranar kare kundi na matsowa, ita kuma ba ta ma san me take roƙo ba: in aikin ya tafi, Baba zai ba da amsa, in bai tafi ba, wahalarta ta tashi a banza.

Mama ta same ta ta zabga tagumi a gaban kwamfuta, abinci ya huce a gefe. Ba ta san komai game da injuna ba, amma ta san 'yarta. Ta ce mata jiran gawon shanu bai taɓa cika wa kowa ciki ba, ta tashi ta je wurin mai gyara, ko wane irin gyara ne.

Da hantsi ta tura ƙofar ɗakin injuna. Ya rame, kebul ɗin ma kamar ya yi masa nauyi. Ta faɗi matsalarta tana kallon ƙasa, ya ja mata kujera. Ya shiga injunan ɗaya bayan ɗaya yana duba inda kowanne ya tsaya. Na farko yana kan layin aika saƙo. Na biyu ma haka. Har na ƙarshe, duk a layi guda suka cije.

Ya nuna mata da bayan biro. Ashe a manhajar ta rubuta cewa kowane inji ya fara aika nasa, sannan ya karɓi na maƙwabcinsa. In saƙon ƙarami ne, akwai 'yar ma'ajiya da ake jefa shi, mai aikawa ya wuce abinsa. In babba ne ba ya shiga ma'ajiyar, dole mai aikawa ya tsaya riƙe da shi har sai wancan ya ce ya shirya karɓa.

"Kowa na riƙe da babban saƙo," ya ce a hankali, "babu wanda ya ce a ba shi. Haka za su tsaya har wuta ta ɗauke, kuma babu wanda zai yi ƙara, don kowa gani yake shi ake sa wa jira."

Ta tambaye shi maganinsa. Ya ce sai an raba su: rabi su fara aikawa, rabi su ajiye nasu su fara karɓa. Ta jawo allon rubutu gabanta ta gyara layukan da hannunta, ta tayar da aikin. Lambobi suka fara gangarowa, suka wuce wurin da suka saba sandarewa, suka ci gaba. Ba ta yi murna ba. Hawaye ne ya zubo mata, don ta san abin da wannan gudun yake kusantowa.

Ta juya kujerarta ta fuskance shi.

"Mai Kebul, na ajiye nawa. Ni ce mai karɓa. In akwai saƙo, ka aiko."

Ya daɗe yana murza kebul ɗin wuyansa. Ya ce ranar nan tsoro ne ya kama shi, ya ga kamar Baba ya riga ya auna shi ya ga bai kai ba. Da ya ga motar kuma sai ya ɗauka ita ma ta auna.

"Ina son ki, Damina. Aurenki nake so. Tun ranar da na buɗe wa injunanki ƙofar nan nake riƙe da shi."

"Ya iso," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Amma akwai wani inji a gida da bai karɓa ba tukuna."

Kafin ranar kare kundin ya koma shagon tare da kawunsa. Baba bai ɗago daga katakon da yake gogewa ba, ya sake jefa masa tambayar nan tasa. Wannan karon gumi na keto masa, amma ya faɗi abin da ke tafe da shi tiryan-tiryan, har da cewa in an ɗauke wuta hannuwansa suna nan, ba zai bar 'yar Baba da yunwa ba. Baba ya ci gaba da gogar katakonsa har kawun ya fara gyara zama, sannan ya ce zai yi tunani. Daga baya Baba ya amince, da kansa ya je ya ba amininsa haƙuri, mai kantin magani kuma ya yi halin girma ya yi musu fatan alheri.

Ta kare kundinta, ba a jima ba aka ɗaura aure. Ranar da aka kai ta ɗakinta ta tarar da wani dogon tebur a jikin taga, sabo fil, yana ƙamshin fenti, mai ɗaukar mutum biyu. A bayansa an huda ramuka masu santsi a jere, daidai wucewar kebul. Ango ya daɗe yana shafa su da yatsa.

Baba da ya biyo masu kawo kaya ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce shi har yanzu bai gane sana'ar ba, amma ya auna wayoyin da kyau. Ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya kuma raba su da shirun da ba shi da dalili.

Su biyun suka amsa da amin, a tare.