Sunan Da Ya Fito Daga Bakin Tambaya

A bakin kanal ɗin ban ruwa suka ƙulla maganar, shekarar da aka yi canjin kuɗi. Ɗanladi ya zo taya Baba Nomau jera bututun ban ruwa a gonarsa ta tumatir da ke bayan Bunkure. Kowa a unguwar ya san ba don ladan noma yake wannan wahala ba. Tun ranar da ya ga Tambaya, 'yar autar tsohon, ta tsallake kwalbati da ƙwaryar fura a ka ba ta ko dafa ba, ƙafarsa ta manta hanyar gonarsa.

Baba Nomau, dattijo a ikilisiyar unguwar, ya zauna kan kunya ya ce, "Ɗanladi, na san abin da kake nema. Ni ma akwai abin da nake nema. Ka raba ta da taron nan na ranar Laraba kafin a gama tsinkar tumatir, na ba ka ita."

"Baba, taron addu'a ne fa."

"Addu'ar da ake yi da yaren da babu mai ji? Uwata 'yar bori ce, yaro. Na bar wannan na bi Yesu shekara talatin ke nan. Ba zan zauna in ga ya biyo ni ta ƙofar coci ba."

Ɗanladi ya ce ya yarda. Suka yi hannu da taɓo a tafinsu.

Taron nan kuwa matasa suka fara shi bayan wani mai wa'azi ya zo daga Jos. Sukan taru da yamma su roƙi cikar Ruhu Mai Tsarki, wasu kuma bakinsu ya buɗe su yi magana da harsuna. Tambaya na cikin na farko da abin ya samu. Mai jan taron wani saurayi ne, Sada, malamin awon ruwa, mai babur da farar riga. Shi ma idonsa na kan Tambaya, kuma ba ya ɓoyewa.

Ranar Laraba Ɗanladi ya tsaya a jikin tagar coci don ya ga abin da zai yaƙa. Ya hango ta a durƙushe, idonta a rufe, hawaye na bin kuncinta, fuskarta da wani haske da bai taɓa gani ba. Kalmomi na zuba daga bakinta kamar an buɗe ƙofar ruwa. Bai gane ko ɗaya ba, sai guda.

"Sada... sada..."

Ya ƙirga sau biyar. Ya koma gida bai ci tuwo ba.

Washegari ya tare ta a hanyar gona.

"Manomina, ka tashi lafiya? Me ya sami fuskarka?"

"Tambayi wanda kike kira jiya."

"Wa na kira?"

"Sau biyar, 'Yar Baba. Ni tun da nake zuwa zance ko sau biyu ba ki taɓa jera sunana ba."

Da ta gane inda ya dosa, sai ta sauke kwandonta a hankali. "Ɗanladi, ni kaina ban san abin da bakina ke faɗi ba. Da Ubangiji nake magana."

"To Ubangijin sunansa Sada?"

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Tambaya ta ɗauki kwandonta ta wuce, ba ta waiwaya ba.

Kishi in ya shiga kunne, ko kukan tsuntsu sunan abokin takara yake zame wa mutum. Kwana goma Ɗanladi bai je zance ba. Ya bar ruwa ya kwana a fadamarsa har kunya biyu suka ruɓe. Ga Sada kuma, in sun haɗu a bakin kanal sai ya rage gudun babur ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri. Abin da Ruhu ya ambata, mutum bai isa ya hana ba."

A kwana na goma sha ɗaya Ɗanladi ya tarar da takarda a naɗe cikin hular da ya rataya a bukkar gona. Ya zauna ya haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, da ɗan karatun da ya samu a ajin yaƙi da jahilci.

"Manomina. Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ka ɓata mini rai, amma na yafe tun kafin ka roƙa. Baba ya gaya mini cinikin da kuka yi. In sai na bar addu'ata za ka same ni, to wadda za ka samu ba ni ba ce. Sada ya ce wa dattawa an ba shi fassarar harshena, wai shi aka nuna mini. Ran Laraba za su zo su ji. Kada ka tsaya a taga. Shigo ciki. Taka, in kana so, Tambaya."

Ran Laraba ya shiga. Wurin da ya samu kusa da Iya Indo ne, tsohuwar da ta haura saba'in, wadda haƙori uku suka rage mata. Baba Nomau da Fasto suna benci na gaba.

Aka yi waƙa, aka durƙusa. Can sai Ɗanladi ya ji tsohuwar da ke gefensa ta fara, a hankali, hannuwanta a buɗe. Ya kasa kunne. A cikin maganarta sai ga shi: sada, sada. Ya juya hagu, wani magidanci mai 'ya'ya shida shi ma haka. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Da aka yi shiru, Sada ya miƙe ya gyara riga. Ya ce kowa ya ji sunan da ya fito daga bakin 'yar'uwa Tambaya, kuma fassararsa a fili take.

Iya Indo ta dafa sandarta. "Ɗan nan, wata huɗu ke nan abin nan na fita daga bakina, jikokina ma sun ce sun ji. In fassararka gaskiya ce, ni ce uwargida. Yaushe za ka kawo kaya?"

Cocin ya ɗauki dariya har Fasto ya rufe baki da hannu. Da aka lafa Fasto ya ce, "Baiwar Allah don gina ikilisiya aka bayar. Ba a neman aure da ita." Sada ya zauna. Kafin a yi addu'ar rufewa an ji tashin babur.

A ƙofar coci Ɗanladi ya durƙusa gaban Baba Nomau.

"Baba, na zo warware ciniki. Ba zan raba ta da addu'arta ba. In don haka za ka hana ni ita, na ji."

Tsohon ya daɗe yana kallon 'yarsa, wadda ke taimaka wa Iya Indo sauka daga dakali.

"Uwata in abinta ya sauka, sai ta kwana uku ba ta san 'ya'yanta ba," in ji shi. "Wannan tun da ta fara, ko tsawa na yi mata sai ta kawo mini ruwa. Ban gane yaren ba har yanzu. Amma bishiya da 'ya'yanta ake saninta." Ya dubi Ɗanladi. "Tashi. Turo manyanka."

Tambaya ta iso tana gyara ɗankwali, ta ce ƙasa-ƙasa, "Sau nawa ka ƙirga yau?"

"Na daina ƙirga, 'Yar Baba."

"Ɗanladi, Ɗanladi, Ɗanladi, Ɗanladi, Ɗanladi, Ɗanladi. Shida ke nan. Ka wuce shi da ɗaya, sai ka ci tuwo."

Bayan bikin Ista aka ɗaura auren. Matan zumuntar coci suka cika unguwa da kiɗan tulu, maƙwabta Musulmi daga Kura suka zo da buhun shinkafa. Da aka nemi Iya Indo ta sa albarka, da Hausa tsantsa ta yi: "Allah da ya sada ku, kada ya bar kowa ya raba."

In an zo rabon riba, Baba Nomau ya yi asarar ciniki ya sami suruki. Ɗanladi ya yi asarar kunya biyu na tumatir ya sami Tambaya. Tambaya ba ta rasa komai ba, ta riƙe addu'arta ta riƙe mijinta. Sada ne kaɗai ya tashi hannu wofi, sai suna da ya samu: har aka yi masa canjin aiki, in ya wuce a babur, matan bakin kanal kan ce ga angon Iya Indo.