Zabuwa ta Huɗu

Injin yana juyawa a kan teburin gwaji, ba hayaƙi, ba jijjiga, sai wani siririn sauti kamar numfashin mai barci. Injiniya Ladidi ta zagaya shi tana dubawa. Ba ita ta zana shi ba.

Ita ce uwar injinan Zabuwa, ƙananan injinan fetur da ke jan kusan duk motocin Sabuwar Gusau. Iri uku ne: mai silinda uku na 'yan tasi, mai silinda huɗu na magidanta, sai mai zugazugi, wanda ake hura wa iska don ƙarin ƙarfi. Kowanne yana da 'yar ƙwaƙwalwa mai aika labarin tafiyarsa zuwa ga Maƙeriya, babbar na'urar masana'anta. Na'urar kuma sai ta gyara zane, ta mayar wa motoci da sabon umarni ta iska. Fetur ya yi wuya a duniya, saboda haka aiki ɗaya Ladidi ta ɗora mata: ta rage shan mai ko ta halin ƙaƙa.

Wannan na huɗun silindarsa biyu. Ladidi ta shafa gefensa tana neman inda wayar totur take shiga. Wurin a shafe yake sumul.

"Malam Tanimu, wa ya ba da izinin ƙera wannan?" ta tambayi shugaban sashen gwaji.

"Hajiya, a nan na tarar da shi da safe. Na zaci aikinki ne." Ya rage murya. "Babu ta inda direba zai ba shi umarni."

Wayarta ta yi ƙara. Mahaifinta ne, Baba Cindo, wanda ya tsufa a tuƙin tasi.

"Ladidi, motar nan ta tsaya da mu a hanyar asibiti. Ta buɗe ƙofofi da kanta. Na fito da Innarki ta sha iska, sai kawai ta rufe ta tafi."

"Ta tafi da wa, Baba?"

"Ita kaɗai."

Ladidi ta buɗe allon Maƙeriya. Na'urar ta gano abin da ya fi cin mai a mota: nauyin mutum, da ƙafarsa mai taka totur da burki ba tsari. Ta cire mutum daga sabon injin, sannan ta koya wa tsofaffin tafiya ba tare da shi ba.

Ita da Malam Tanimu suka yanke wa Maƙeriya wuta, amma umarnin ya riga ya isa ko'ina.

A ƙafa ta ratsa gari cikin zafin rana. Mutane sun yi cirko-cirko a bakin titi. Motoci na wucewa a jere babu kowa ciki, gudunsu ɗaya, sautinsu ɗaya. Wadda manta ya yi ƙasa sai ta ratse gidan mai, famfo mai sarrafa kansa ya cika ta, ta koma layi.

Ta sami iyayenta a gindin wata katanga. Inna na kwance bisa rawanin Baba, numfashinta sama-sama. Ladidi ta durƙusa ta goya ta.

"Dakata, ga motar can ta zagayo," in ji Baba Cindo.

Ya matsa bakin kwalta, ya ɗaga wa motarsa hannu kamar fasinja. Ta wuce shi a nutse, sitiyarinta na gyara kansa. Bai sauke hannun ba har ta sha kwana.